Feshin wanke mota ko maganin bokiti ɗaya: ga wanda zan ce ka saya

Malam, ka tambaye ni wanne za ka saya don wanke motarka, feshi ko maganin bokiti. Sayi na bokiti. Tsakanin feshin da ake cewa yana wanke mota ba ruwa da maganin da ake zubawa a bokiti ɗaya a wanke ba ɗauraya, ba sai ka yi ruwan ido ba, musamman tunda motarka a waje take kwana. Na yi amfani da duka biyun a nan Kano, kuma ɗaya ne kaɗai nake sake saya idan ya ƙare.

Aikinsu iri ɗaya ne. Kowanne yana da sinadari mai santsi da yake lulluɓe ƙwayar ƙura, ta yadda tsumma zai ɗauke ta ba tare da ta gurji fenti ba. Bambancin yana wajen yawan jiƙon. Feshi ɗan danshi yake sa wa jikin mota, shi kuwa na bokiti tawul ne ke fitowa sharkaf, ruwan yana gangarowa da datti tun kafin hannunka ya taɓa. Feshin nan an yi shi ne don motar da ke kwana a gareji, wadda 'yar ƙura ce kawai ta hau ta. Mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris hunturu ne ke mulki. Yawancin ƙurar da iska ke kwaso mana daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, kuma duk laushin da kake ji a yatsa, akwai ɓurɓushin yashi a cikinta wanda ya fi fenti tauri. Saman fentin mota, wato mayafin nan mara launi mai sa sheƙi, bai kai kaurin silin gashi ba. Ka fesa ɗan danshi a kan ƙurar kwana ɗaya ka goga, to kamar ka sa samfefa mai laushi ne. Ba za ka gani ranar ba. Sai wata rana da hantsi ka hango zane-zane a bonet, musamman idan motar baƙa ce ko shuɗiya mai duhu.

Maganin bokitin da nake amfani da shi Optimum No Rinse ne, mai launin shuɗi. Ma'auninsa mililita 30 a ruwa kusan lita 8, don haka kwalba mai kusan lita ɗaya tana yin wanki wajen 30, kuma jarka ɗaya ta 'yan garuwa mai lita 25 ta ishe ka wanki uku. Ranar da maganin nan ya shiga raina ita ce ranar ɗaurin auren 'yar yayata. Motata aka ce za ta ɗauki amarya, famfo ya ɗauke, 'yan garuwa duk sun nufi gidan biki da kurarsu, wuraren wanki kuma cike da layi saboda Asabar ce. Na haɗa bokiti ɗaya a inuwar darbejiyar ƙofar gida, ni da ƙanina muka gama kafin la'asar. Ƙasa ko jiƙewa ba ta yi ba, balle a ce mun kwararo wa maƙwabta ruwan kumfa. Wani dattijo da muke sallah tare ya zagaya motar, ya shafa murfin ƙofa, ya ce, "Kai ɗana, wane wurin wanki ne wannan?" Na nuna masa bokitin. Har yau idan jikansa zai wanke masa mota, gidana yake aiko shi.

Amma sai ka bi ƙa'ida, in ba haka ba shi ma zai yi ɓarna. Ka ɗibi kaɗan daga haɗin ka zuba a kwalbar feshi, ka jiƙa ɓangaren da za ka wanke, ka ba shi ɗan lokaci ƙurar ta saki. Ka fara daga rufi ka gangaro. Tawul ɗin maikurofaiba, wato mai laushin nan na siraran zare, ka ninka shi huɗu, zai ba ka fuska takwas. Kowace fuska ja ɗaya ko biyu a miƙe, ba a kewaye ba, sannan ka juya. Tawul da ya yi datti kada ya koma cikin bokiti, ajiye shi gefe ka ɗauko wani. Ka tsane da busasshen tawul nan take, domin ruwan burtsatse yana barin farin tabo idan ya bushe da kansa. Taya da ƙasan ƙofa su ne na ƙarshe, da tsummansu daban. Kuma kada ka yi a rana, jikin mota da zafi.

Feshin kuwa, to, yana da amfani idan tsuntsu ya yi maka kashi a gilashi ko yara sun bar sawun hannu a ƙofa. Nawa ya ƙare kafin in san na saya, ga tsada, ga cin tawul. Ko wannan ɗan aikin ma, haɗin bokitin da ka zuba a kwalba zai yi maka.

Idan damina ta sauka ka biyo hanyar jar ƙasa, laka ta kama ƙarƙashin mota, babu wanda zai fisshe ka a cikinsu. Wannan sai wurin wanki mai injin matsa ruwa. Ka je da tawul ɗinka, kuma ka hana yaran zuba omo, domin yana cinye man sheƙin da ke kare fenti.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa, don abin yana ci mini rai. Akwai masu tara tsofaffin kwalabe su cika da sabulun wanke-wanke da aka rina, su liƙa takarda. Na gaskiya ba ya kumfa sosai. Idan ka haɗa a bokiti ka ga kumfa ta taso kamar za a yi wanki, sabulu aka sayar maka. Duba hatimin murfi, kuma idan farashi ya yi araha fiye da kima ka bar musu kayansu. Wasu kuma man goge dashbod suke sayarwa da sunan feshin wanki: mota ta yi ƙyalli na awa ɗaya, sannan maiƙon ya riƙa kama ƙura. Mai gwada maka a tasha ko bakin kasuwa kullum a bonet mai tsabta yake fesawa, ka ce ya gwada a ƙasan ƙofa ka ga yadda zai canza magana. Masu talla a Instagram da WhatsApp da ba su da shago, kada ka tura musu kuɗi sai kaya sun zo hannunka. Tawul ma ana ha'inci a kansa. Na kirki yana ɗan kama busasshen tafin hannu kuma yana shanye ruwa nan da nan; na bogi tura ruwan yake yi gaba.

Don haka ka nemi kwalba ɗaya ta maganin bokiti, tawul shida zuwa takwas masu kauri, da kwalbar feshi irin ta masu aski. Ka cire lambar da aka ɗinka a gefen kowane tawul kafin ka fara, don tana karce fenti. Idan ka gama ka wanke su daban da sauran kaya, ka shanya a inda ƙura ba ta kai wa, kuma kada a sa musu dutsen guga.