Sharhi Kan Sashen Tiyata na Wani Asibitin Kuɗi: Afendis da Curin Gashi

A daren wata Laraba muka kai 'yar ƙanwata, mai shekara 13, wani asibitin kuɗi, bayan ta wuni da ciwon da ya faro daga cibiya ya gangara ƙasan ciki ta ɓangaren dama, ga amai, ga zazzaɓi. Likitan da muka tarar bai ɓata lokaci ba. Ya danna wurin ya saki, yarinyar ta ƙwalla ƙara, ya tura mu gwajin jini da hoton ciki, kafin kiran assalatu kuma an cire mata afendis. Ɗakin jinyar yana da tsabta, kuɗin aikin kuwa, ko da yake ya girgiza aljihu, an faɗa mana shi dalla-dalla tun farko.

Likitan fiɗar ya zauna ya yi mana bayani, kuma na yaba masa. Afendis ɗan reshe ne mai kama da yatsa a farkon babban hanji, wanda idan bakinsa ya toshe sai ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki, ya kumbura, in aka yi jinkiri ya fashe. Sau da yawa busasshen bahaya ne ke toshe shi, amma nata curin gashi ne, domin gashi ba ya narkewa a cikin ɗan Adam.

Inda suka gaza shi ne wajen sallama. An ba mu magani da ranar wankin ciwo, amma babu wanda ya tambayi yadda gashi ya shiga cikinta, sai wata nas da ta ga gurbin sanƙo a ƙarƙashin ɗankwalinta ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, yarinyar nan tana tsige gashinta tana ci." Wannan lalura ce da ke buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, faɗa da duka ba sa maganinta. Haka kuma irin wannan curin a tumbi ya fi taruwa, har yakan yi jela zuwa ƙaramin hanji, yanayin da likitoci suka bayyana tun 1968, amma ba a ce mu duba tumbinta ba sai da muka nema da kanmu a wani asibitin.

Zan sake kai mara lafiya wurinsu idan tiyatar gaggawa ta taso, sai dai ba zan karɓi takardar sallama ba sai an rubuta mana likitan da za mu gani gaba.