Kujerar lantarki ko ɗaurin rai-da-rai?

Ana yawan tambayata wanne ya fi sanyaya zuciyar dangin wanda aka kashe a Amurka. Hukuncin kisa ya fi cin kuɗi, ɗaukaka ƙara kan kai shekara 20, kowane zaman kotu yana fama musu gyambo. Kujerar ma, wadda ake zaunar da mai laifi a kai a kashe shi da lantarki, ba tabbas: a Florida, 1997, wuta ta kama kan wani fursuna, Pedro Medina, lokacin da ake kashe shi a kanta. Ɗauri yakan rufe shari'a da wuri, in an yi kuskure kuma a gyara. Wannan dalilin ya fi ƙarfi a wurina. A Tennessee, 2020, wasu dangin waɗanda Nicholas Sutton ya kashe sun roƙi a bar shi da rai, aka ƙi.

Iyalin da sai sun ga ƙisasi hankalinsu zai kwanta, kisa ya dace da su. Waɗanda suka gaji da zaryar kotu, ɗauri.