Tafiyar sa-kai zuwa Ada Foah: sintirin dare ya biya kuɗina, sauran kam sai a hankali

Masu ta tambayata kan tafiyar nan ta ganin kunkurun teku, to ga yadda take. Wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai ce ke haɗawa, a kwashe ku a bas daga Accra, babban birnin Ghana, a yi gabas wajen kilomita 100, har garin Ada Foah inda kogin Volta ke zuba cikin teku.

Gaskiya sintirin dare shi ne tafiyar. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu kunkurayen suka fi fitowa yin ƙwai, jagoranmu ɗan garin ne tsohon masunci, tun kafin mu taka rairayi ya ce kowa ya kashe fitilar waya sai jar tocila kawai, don farin haske na firgita uwar ta juya ruwa ba ta yi ƙwan ba. Allah Ya ba mu sa'a muka ga babbar nan mai bayan fata wadda ba ta da ƙoƙo, wallahi tsawonta ya kusa na mutum, tana ta haƙa rami da ƙafafun baya ko kallo ba mu ishe ta ba. A nan ya ce mana zafin rairayi ke raba mace da namiji, in zafin ya yi yawa mata ake samu, kuma ƙwan sai ya yi kusan wata biyu a binne, in karnuka da aladu ba su tone shi ba ke nan. Dokar Ghana ta hana taɓa kunkurayen tun 1971 amma dole sai ana gadi.

Da safe tsintar leda a bakin ruwa, aiki ne fa ba wasa ba ku tafi da safar hannu. Kunkurun na haɗiye ledar a zaton abincinsa ne ta toshe masa ciki.

Inda suka ba ni haushi tafkin Songor ne. Wurin da hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin wuraren da ake karewa a 2011, ga masu ɗibar gishiri ga tsuntsaye, amma aka bi da mu a guje kamar ana korar mu, dashen itatuwan ruwan gishirin ma hoto kawai aka ɗauka. Rigar ruwa mai hana nutsewa ba ta ishi kowa ba a kwale-kwalen da muka shiga, sallah ma sai da muka yi magana aka tsaya.

Zan iya komawa, amma mai zuwa ya tambayi rigar ruwa kafin ya biya, ya kuma ɗau maganin sauro.