Bitar aure da zaman sulhu a cikin garin Bauchi: inda suka burge ni da inda suka gaza

Duk wadda ta tambaye ni ko ta kai 'yarta wannan cibiya, sai in ce ta kai ta, amma ta tabbata an tafi da angon. Cibiyar tana harabar wata Islamiyya a cikin gari, tafiya kaɗan a Keke Napep daga Kasuwar Wunti. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai inda zan kushe, kuma mutanen wurin don Allah suke yi. Ayyukansu biyu ne: bita ga masu shirin aure a ƙarshen mako, da zaman sulhu ga ma'auratan da zama ya yi wa tsami. Na ga duka biyun, bitar a matsayina na gwaggon amarya, sulhun kuwa rakiyar ƙanwata na yi.

Sulhun ne ƙarfinsu. Ƙanwata ta yi yaji a kan cefane. Mijin direba ne, yakan yi kwanaki a hanya bai bar ko na gishiri ba, da ta yi magana ya ce mata ta tafi gidansu. Ta kwashe yara ta taho, dangi suka rabu biyu, masu cewa ta saku da masu cewa da aurenta. Malamin da ke jagorantar zaman bai fara da wa'azin haƙuri ba. Shi da wata malama sun saurare ta ita kaɗai, sannan aka saurari mijin shi kaɗai, kafin a haɗa su. Aka tambayi mijin ainihin abin da ya furta da abin da ya nufa, domin a mazhabar Malikiyya irin wannan furuci ba saki ne kai tsaye ba, sai an koma ga niyyar mai shi. Ya rantse bai nufi saki ba. Magana ta ƙare a nan, abin da muka shafe makonni muna gardama a kansa a tsakar gida.

Daga nan Malam ya ce kowane ɓangare ya kawo namiji ɗaya mai hankali daga danginsa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta umarta. Yayanmu ne ya zauna mana, kawun mijin ya zauna masa. Ban da su ba a bar kowa ya yi magana ba, har ni. Na buɗe baki zan kawo wani tsohon laifi na mijin, Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Hajiya, ki yi mana haƙuri, yau abin da ya kawo su za mu duba." Na ce, "Allah gafarta Malam, ai shi ma yana ciki." Ya ce in yana ciki ita za ta faɗa da bakinta. Ba ta faɗa ba. Wayoyi kuma a kwando ake ajiye su a bakin ƙofa, don kada sirrin gidan mutum ya kwana a WhatsApp.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba su jin kunyar maganar kuɗi. An tambayi mijin nawa yake samu a tafiya, nawa gidan ke ci a mako, aka lissafa masara, mai, gawayi, kuɗin makarantar yara da katin asibiti. Malam ya tuna masa ci da sha da sutura da muhalli wajibinsa ne ko da matar ta fi shi samu, ɗinkin da take yi kuma kuɗinta ne. Ita ma an ja mata kunne a kan fita ba izini da kai ƙara wurin ƙawaye. Aka rubuta yarjejeniya, su biyu da wakilansu suka sa hannu, aka ba su ranar dawowa bayan wata guda. Wannan dawowar ce ta sa abin ya zauna, don mutum ya san za a sake tambayarsa a gaban kawunsa.

Kuma sun san iyakarsu. Su ba kotu ba ne, ba sa raba aure, ba sa tilasta wa kowa komawa. Malamar ta gaya mini in maganar duka ce, ko miji ya ƙi zuwa bayan an aika masa, kotun Shari'a suke nuna wa mace, irin waɗanda ke aiki a jihar nan tun 2001. Suna kuma fahimtar da ita bambancin kul'i, inda take mayar da sadaki ta fanshi kanta, da rabuwa saboda cutarwa, inda alƙali ke raba auren ba tare da ta biya ko sisi ba muddin cutarwar ta tabbata. Mata nawa ne suka sayar da kayan ɗakinsu suka biya mijin da ke jibgarsu don ba wanda ya gaya musu wannan?

Bitar kuwa, akwai gyara. Ajin amare ya cika har da masu zama a baranda, ajin angwaye benci biyu bai cika ba. Amare an yi musu yini biyu cur: tsarki, biyayya, girki, tarbar miji, zama da uwar miji da kishiya. Angwaye an sallame su tsakanin Azahar da La'asar. Angon 'yar wana ma sai da na sa ubanta ya kira shi kafin ya zo, wai yana fama da masu fentin gida. Na gaya wa shugaban wurin ido da ido cewa igiyar aure a hannun namiji take, kuma shi ne aka fi bari ba karatu. A Malesiya, in Musulmi ne, sai ango da amarya duka sun yi kwas ɗin kafin aure an ba su takarda ake ɗaura musu aure. Nan kuwa takardar shaidar da suke bayarwa ba limamin da ke tambayarta ranar ɗaurin aure, to me zai sa saurayi ya bar shagonsa? Ya ce suna tattaunawa da limaman Juma'a a kan haka. Allah ya sa.

Duk da haka akwai darussa biyu da su kaɗai sun isa dalilin zuwa. Wata ma'aikaciyar jinya ta zana a allo yadda in mai nau'in jini AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon sikila, kuma haihuwar lafiyayye a farko ba ta kare na biyu. Ta ce a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba bayan an haɗa lefe ba, lokacin da ba mai iya ja da baya. Ta kawo misalin Kano, inda aka sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Darasi na biyu na Malam ne, a kan saki. Ya karanta farkon Suratuɗ Ɗalaƙ, ya ce wadda aka yi wa saki ɗaya ko biyu a ɗakinta za ta yi idda, ba a fitar da ita kuma ba ta fita, mijin na ciyar da ita. Ajin ya yi tsit, domin mu kowa ya san yadda muke yi: takarda na shiga hannu ake kiran motar kwasar kaya. Ya kuma raba musu abin da addini ya wajabta da abin da al'ada ta ɗora. Sadaki wajibi ne, mafi ƙarancinsa rubu'in dinare, lefe da gara kuwa al'ada ce, ba a cin bashi dominsu.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Ba sa farawa a kan lokaci, in an ɗauke wuta ajin mata ba ya zaunuwa don zafi, kuma masu tallar kayan mata sun kafa tire a bakin ƙofa suna tare yaran mutane. Wannan ya kamata a hana, don yarinya za ta ɗauka daga cikin karatun yake.

Kuɗin rajistar bita bai kai na turmin atamfa ba, sulhun kyauta ne sai abin da mutum ya saka a akwatin sadaka. Mai zuwa ta tafi da ruwan sha da littafin rubutu. In sulhu ne, a fara zuwa a karɓi rana, domin zama kaɗan suke yi a yini kuma ba sa tsallake layi don kowa.