Sharhi kan ƙaramin makirfo mara waya: yadda yake ɗaukar muryar maza da ta mata

Makirfon nan irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga ne, a soka ƙaramar na'urar karɓar sautinsa a jikin wayar hannu. Ina naɗar hira da shi. Cajinsa yana jimawa, haɗa shi ba wuya, a nan ba ni da ƙorafi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bambancin da yake nunawa tsakanin maza da mata.

Muryar namiji baligi yawanci tana kaɗawa tsakanin hertz 85 da 180 (hertz shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya; yawansa ke sa sauti ya yi sama, wato ya yi siriri), ta mace kuwa tsakanin 165 da 255, domin tantanin maƙogwaron namiji ya fi tsawo da kauri. Makirfon da ke kwance a ƙirji kuwa kaurin murya yake fara kwasa. Na naɗi wani mai babbar murya, sauti ya fito da ƙarfi, amma kalmomin suka dunƙule kamar daga cikin tulu yake magana. Sai da na datse duk abin da ke ƙasa da hertz 100 a manhajar gyaran sauti kafin maganarsa ta warware.

Muryar mata ta fi fitowa tangaran, wasula a rarrabe. Ban yi mamaki ba, don a 1996 Ann Bradlow da abokan aikinta a Jami'ar Indiana ta Amurka sun gano cewa a cikin waɗanda suka gwada, an fi fahimtar maganar matan, kuma masu buɗe wasulansu sosai sun fi saura fita.

Matsalar tana wajen maɓallin rage hayaniya. Da zarar na kunna shi, sai ya riƙa cinye haruffa irin su s, sh da ts. Yawancin ƙarfin waɗannan sautuka yana can sama, wajen hertz 4,000 zuwa sama, kuma na mace ya kan fi na namiji tashi. Na'urar sai ta ɗauke su tamkar hucin iska ta share. Wata baiwar Allah da na yi hira da ita, mai magana a natse, ta fito kamar tana tauna harshe, alhali a gabana ko kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba. Abin ya dame ni ƙwarai, musamman saboda dattawan da ke sauraro: idan ji ya fara raguwa da tsufa, sautukan sama ne ke fara tafiya, shi ya sa da yawansu ke cewa muryar mata da ta yara ta fi yi musu wuyar kamawa. Ka ga an ƙara musu wahala a kan wahala.

Zan ci gaba da aiki da shi. Amma in mace zan naɗa, sai in nemi wuri shiru, in kashe maɓallin rage hayaniyar, in sauko da makirfon kamar taƙi ɗaya daga haɓarta, don kada haɓar ta tare sautukan sama.