Fakitin ORS mai haɗe da zink: abin da yake iyawa da inda yake gazawa

Duk kemis ɗin da ke bakin asibiti, daga Kano har Maraɗi, ba za a rasa wannan ɗan fakiti a kan kantarsa ba. Farin gari ne mai nauyin giram 20.5, wanda muka fi sani da ruwan gishiri da sukari, yanzu kuma sau da yawa ana sayar da shi a kwali ɗaya da ƙwayoyin zink guda goma. Ga wanda gudawa ko amai suka ƙwace wa ruwan jiki, babu wani abu a kan wannan kanta da ya kai shi amfani, kuma yana cikin mafi arha. Sai dai yadda ake haɗa shi a gidaje, har ma a wasu ɗakunan jinya, yana zubar da rabin alherinsa, kuma wani ɓangare na laifin yana wuyan masu ƙera shi.

A fara da abin da ke ciki. Fakitin lita ɗaya na tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF yana ɗauke da gishiri giram 2.6, gulukos (wani nau'in sukari) giram 13.5, sinadarin fotasiyam giram 1.5, da sitiret giram 2.9. Kowannensu da aikinsa. Hanjin mai gudawa yana zubar da ruwa, amma akwai wata ƙofa a bangonsa da cutar ba ta rufewa, wadda take shigar da gishiri idan ya zo tare da gulukos, ruwa kuma ya biyo bayansu zuwa cikin jini. Shi ya sa sukarin da ke ciki ba don daɗin baki aka sa shi ba, shi ne ɗan rakiyar gishirin. Fotasiyam yana mayar da wanda ya fita a bayan gida, sitiret kuma yana gyara tsamin jini, wanda shi ne ke sa yaron da ya bushe ya riƙa jan numfashi mai zurfi da sauri. Likita Dilip Mahalanabis ya gwada irin wannan haɗi a 1971 a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Bangaon a Indiya, lokacin da ledojin ƙarin ruwa suka ƙare ana tsakiyar kwalara. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4 cikin ɗari, kuma 'yan uwan marasa lafiya ne suka riƙa ba da ruwan da kofi.

Wanda ake sayarwa yanzu ba shi ne na da ba. A 2002 aka rage masa gishiri da sukari: sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ya sauko daga 90 zuwa 75 a ma'aunin lita, gulukos daga 111 zuwa 75, kaurin ruwan gaba ɗaya daga 311 zuwa 245. Wannan gyara ya yi kyau ƙwarai. Yaran da aka ba sabon haɗin sun fi samun raguwar amai da yawan bayan gida, kuma buƙatar komawa ga ƙarin ruwa ta jijiya ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. In an juya bayan fakiti, a nemi 245 ɗin nan ko giram 2.6 na gishiri.

Babban aibin kayan shi ne awo. An yi fakitin don lita ɗaya, amma ba ya zuwa da kofi ko gora mai alama, bayanin kuma da Turanci ko Faransanci yake, cikin ƙananan haruffa. Uwar da ɗanta ke kwance ya galabaita da tsakar dare za ta ɗauki abin da ke kusa da ita, galibi ledar fiya wata guda ɗaya. Ledar nan rabin lita ce. Idan aka juye fakitin duka a ciki, sodiyam ɗin ya koma 150, ya haura na jinin mutum wanda ke tsakanin 135 da 145. Maimakon ruwan ya shiga jiki, sai ya jawo na jikin zuwa cikin hanji, gudawa ta ƙaru, ƙishirwa ta tsananta, yaro ya yi ta kuka mai ƙara, a ƙarshe yana iya jijjiga. Leda biyu ake buƙata ga fakitin lita ɗaya, bayan an duba cewa kowace santilita 50 ce. Ga kuma wani tarkon: akwai kamfanonin da ke yin ƙaramin fakiti na rabin lita ko ƙasa da haka, launinsa kusan iri ɗaya da babban. Mai sayarwa ya kamata ya nuna wannan da yatsa kafin ya karɓi kuɗi, amma kaɗan ne ke yi.

Wasu kuma tsoron ɓarna ke sa su ɗebi cokali ɗaya daga garin su zuba a kofi, su ninke sauran su ajiye. Wannan ma kuskure ne, domin garin ba ya gauraye daidai a cikin fakiti, kuma babu wanda zai iya kintata adadin ruwan da ya dace da cokali ɗaya. A juye duka, a motsa har ya narke, a rufe. Kada a ƙara sukari, kada a zuba a cikin shayi ko madara ko lemon kwalba, kada a tafasa bayan an haɗa. In ruwan rijiya ne, a tafasa shi tukuna ya huce. Abin da ya wuce awa 24 a zubar, a haɗa sabo.

Ɗanɗanonsa ba shi da daɗi, kamar hawaye yake da ɗan zaƙi-zaƙi. Masu ɗanɗanon lemo sun fi shiga bakin yara, kuma babu laifi a kansu muddin ma'auninsu na 245 ne. Akwai ma alama a nan da mai jinya zai lura da ita: yaron da ya bushe da gaske yakan kama kofin da hannu biyu ya sha da zalama, in jikinsa ya cika sai ya fara kawar da kai. Wanda ya ƙi sha kuma yana wasa, da sauƙi. Wanda ya kasa sha saboda jikinsa ya saki, shi ne abin tsoro.

Kafin a ce nawa za a bayar, sai an duba matakin bushewar. A dubi idanu ko sun faɗa, a dubi maɗiga in jariri ne, a tambayi yaushe rabonsa da fitsari. Sannan a kama fatar ciki tsakanin cibiya da gefe da babban yatsa da manuni, a ɗaga ta na daƙiƙa ɗaya, a saki. In ta koma nan take, babu matsala. In ta ɗan tsaya, akwai bushewa. In ta wuce daƙiƙa biyu tana tsaye kamar an naɗe tsumma, abin ya yi tsanani. Wannan gwaji yana yaudara a jikin tsofaffi da yara masu tamowa, domin fatarsu dama ba ta komawa da wuri, don haka ba a dogara da shi shi kaɗai.

Idan babu alamar bushewa, aikin a gida ne: yaro ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, ɗan shekara 2 zuwa 10 a ba shi 100 zuwa 200, babba ya sha iya son ransa. Idan akwai matsakaiciyar bushewa, wato yaro na ƙunci, idanu sun faɗa, yana sha da zalama, lissafin shi ne mililita 75 ga kowane kilo na nauyinsa cikin awa 4. Yaro mai kilo 10 zai sha 750, kusan 190 ke nan a kowace awa, wato cokalin shayi ɗaya duk bayan minti ɗaya da rabi. A nan ne haƙurin mai jinya ke aiki. Ana zaunar da yaron a cinya, kansa a ɗage, ana ɗura cokali a gefen kunci, ba a tsakiyar harshe ba. In ya yi amai, ba a fasa ba: a jira minti 10, a ci gaba a hankali fiye da da. Yawancin abin da ya sha yana zama a ciki ko da ya amayar da wani. Ba a dakatar da ba shi nono ko kaɗan. Bayan awa 4 a sake dubawa daga farko, kuma in fatar ido ta kumbura, ruwan ya isa, a dakata da ORS a koma nono ko ruwa zalla.

Duk wannan sai da rubutu. A ɗakin jinya takardar shiga da fitar ruwa ita ce idon nas: kofi nawa ya sha, sau nawa ya yi zawo da amai, fitsari nawa ya fito. Yaro ya kamata ya fitar da aƙalla mililita 1 ga kowane kilo a awa, babba rabin haka. Awon nauyi da safe a kan sikeli ɗaya ya fi duk wani hasashe, domin kilo ɗaya da ya ɓace cikin yini lita ɗaya ce ta ruwa.

Sai inda fakitin ba shi da iko, kuma wajibi ne a faɗe shi ƙarara. Majinyacin da ya suma ko ya kasa haɗiya ba a ɗura masa, zai shaƙe ruwan ya tafi huhu. Wannan na ƙarin ruwa ne ta jijiya, ledar Ringer, mililita 100 ga kowane kilo. Ɗan ƙasa da shekara 1 ana ba shi 30 a awar farko, sauran 70 cikin awa 5. Wanda ya haura shekara ana ba shi 30 cikin minti 30, sauran cikin awa biyu da rabi. Ledar gulukos zalla ba ta maye gurbin wannan, domin babu gishiri a cikinta, kuma zuba ta da yawa yana tsinka sodiyam ɗin jini har ƙwaƙwalwa ta kumbura. In an rasa jijiya kuma asibiti na nesa, ana iya bi da ORS ta robar hanci, mililita 20 ga kowane kilo a awa har awa 6. Ko ga wanda ke kan ƙarin ruwan, da zarar ya iya sha sai a dawo da kofin, saboda fotasiyam ɗin Ringer 4 ne kacal a lita, na ORS kuwa 20.

Batun fotasiyam yana buƙatar kula ta musamman. Ƙarancinsa ke sa a ga yaro bayan kwanakin gudawa cikinsa ya kumbura kamar ganga, wuya ba ya ɗaukar kai, ƙafafu sun mutu, bugun zuciya na tuntuɓe. Haɗin gida na cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya yana taimakawa kafin a kai ga kemis, amma babu fotasiyam a cikinsa, kuma wannan ne babban fifikon fakiti a kansa. Kunun kanwa ma ba ya cike giɓin, domin yawancin abin da ke cikin kanwa sodiyam ne. Ayaba ta fi. A ɗaya gefen kuma, mai ciwon ƙoda wanda fitsarinsa ya tsaya, ko mai ciwon zuciya da ƙafafunsa suka kumbura, kada ya sha ORS da ka sai likita ya auna masa, domin ƙodar da ba ta aiki ba za ta fitar da rarar ba.

Yaro mai tsananin tamowa shi ma dabam ne. Jikinsa cike yake da sodiyam ko da gwajin jini ya nuna ƙasa, zuciyarsa kuma ba ta jure lodi. Akwai haɗi na musamman dominsa mai suna ReSoMal, sodiyam 45, fotasiyam 40, ana ba da mililita 5 ga kowane kilo duk minti 30 na awa biyun farko, a asibiti kawai, ana ƙirga numfashi da bugun jijiya. In numfashi ya ƙaru da 5 a minti, bugu ya ƙaru da 15, a tsaya. In kwalara ce ta kama shi, mai zawo kamar ruwan wankin shinkafa, to ORS na kowa ake komawa, domin gishirin da ke fita ya yi yawa. A annobar 2021, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya ta kashe fiye da 3,000, jihohin Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma babban mutum mai kwalara yana iya zubar da kusan lita guda a awa. Fakiti biyun da aka saba sawa a kwali ɗaya da zink ba za su kai shi ko'ina ba, sai dai ya riƙa sha a hanyar zuwa asibiti.

Haɗa zink da ORS a kwali ɗaya dabara ce mai kyau, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa haɗin cikin jerin muhimman magungunanta. ORS ba ya tsayar da zawo, ruwa yake mayarwa, kuma wannan ne ke sa iyaye su raina shi su nemi allura ko maganin ƙwayoyin cuta, alhali yawancin gudawar yara ba ta buƙatarsu sai in akwai jini a ciki ko kwalara. Zink ne ke rage tsawon kwanakin, ya kuma kare yaro daga dawowar cutar na wata biyu zuwa uku. Abin da ke jikin kwalin shi ne miligiram 20 a rana na kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga ɗan ƙasa da wata 6. Ana narkar da ita a cokali da ɗan nono ko ruwa, cikin ƙasa da minti ɗaya ta watse. Aibinta shi ne tana tayar da zuciya, musamman a ciki wayam, don haka a ba da ita bayan yaro ya ci ko ya sha nono. Gwajin da aka yi a Indiya da Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna miligiram 5 ko 10 suna aiki daidai da 20 kuma da ƙarancin amai, to da masu ƙerawa za su yawaita ƙananan ƙwayoyi a kasuwa, da an rage iyayen da ke jefar da katin tun rana ta uku.

Wajen saye, a duba lambar NAFDAC in a Najeriya ne, a duba ranar lalacewa, a karanta ko na lita nawa ne. Sannan a girgiza fakitin kusa da kunne. Mai kyau zai yi ƙara kamar yashi. Wanda ya dunƙule, ko aka buɗe aka ga ya koma ruwan ƙasa, danshi ya shige shi, abin da ke yawan faruwa da damina a shagunan da ke ajiye kwali a ƙasa, a mayar wa mai kemis ya canza.