Gargaɗi: man da ake cewa niyasinamaid ne, wai yana haska fata cikin kwana bakwai

Don Allah 'yan'uwa mata a tsaya a karanta. Akwai masu shafuka a intanet da ke tallar wani man shafawa a farar roba, an manna masa takarda da sunan niacinamide, babu jerin sinadarai, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa. Alƙawarinsu shi ne cikin kwana bakwai za ki yi fes. Ƙanwata ta saya, kuma ni na raka ta wurin likitan fata, don haka ba ji na yi ba.

Satin farko ta haska, har murna take. Da aka shiga wata na biyu sai fatar kumatunta ta yi laushi kamar takarda, ƙananan jijiyoyi jajaye suka fito fili, nankarwa ta tsattsage mata damtse inda take shafawa. Ranar da man ya ƙare kuwa, fuskar ta ɗauki zafi da ƙaiƙayi, ƙuraje suka feso. Ta aika wa mai shafin hoto, amsar da ta samu ita ce: "Dattin fata ne yake fita, ki ƙara sayen roba biyu." Da ta matsa da tambaya sai aka toshe ta.

Likita na ganin fuskar ta ce wannan aikin sitiroyid ne mai ƙarfi, wato maganin da likitoci ke bayarwa don kumburi da ƙaiƙayin fata, irin su kulobetasol.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sun ɓata sunan abu mai amfani. Niyasinamaid nau'i ne na bitamin B3, wanda rashinsa a jiki ke kawo cutar felagira mai ɓata fata da sa zawo. Idan an shafa shi yana ƙarfafa garkuwar fata ta riƙe danshi, yana rage maiƙo da jan ƙuraje, yana kuma dusar da baƙin tabo. Yadda yake yi shi ne ya rage wucewar melanin, wato abin da ke ba fata duhu, zuwa ƙwayoyin saman fata, a hankali a hankali, sai an yi sati 8 zuwa 12 kafin a ga bambanci sosai. Yawancin binciken da aka yi da kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ne. Ba ya mai da baƙar mace fara, ko shekara za ta yi tana shafawa. Duk man da ya sauya miki launi cikin mako guda, wallahi wani abu ne a ciki: ko sitiroyid, ko sinadarin bilicin haidurokwinon mai barin baƙin dabbare idan an daɗe a kansa, ko zaiba, wato makuri, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, har ta taɓa ɗan da ke ciki.

Yanzu ma sun ƙaro da ƙwayoyin niyasinamaid na sha, wai maganin kansar fata. Asalin maganar wani bincike ne da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2015: mutum 386 da suka riga suka taɓa yin kansar fata, waɗanda aka bai wa niyasinamaid miligiram 500 sau biyu a rana sun samu raguwar sababbin kansar da kashi 23. Rigakafi ne ga masu wannan haɗarin, ƙarƙashin kulawar likita, ba ya warkar da kansar fata. Babban mutum miligiram 14 zuwa 16 na bitamin B3 yake buƙata a rana, kuma ɗirkar giram-giram na iya taɓa hanta.

Idan kina shafa irin wannan man, ki ɗauki robar ki je wurin likitan fata, don yanke sitiroyid farat ɗaya shi ne ya tayar wa ƙanwata da fuska. Ki kai ƙarar shafin ga hukumar kula da magunguna, ki ajiye hotunan hirarku da shaidar biyan kuɗi tun ba su goge ba.

Ƙanwata yau wata huɗu ke nan tana jinya. Ƙurajen sun lafa, amma likita ta faɗa mata gaskiya cewa nankarwar dusashewa kawai za ta yi, ba za ta ɓace ba.